Injin da na saya a kan sikeli

Ba inji na je nema ba ranar. Bututu na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in saya, wanda zan yi wa wani benci ƙafafu, sai na ratsa ta bayan wani fili na 'yan gwangwan don in rage hanya. A ƙarƙashin tarin tsoffin kwanukan rufi na hango kusurwar wani tebur na ƙarfe, ja wur da tsatsa, ruwan damina ya kwanta a kansa har ya bar shati. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana kai katako wurin masu inji a kasuwar katako ta Na'ibawa, yana bin layi, yana biyan kuɗin guga falanki-falanki, ba sai an gaya masa mene ne wannan ba.

Na sa aka janye kwanukan. Irin injin nan ne mai aiki biyar a jiki ɗaya: zarto mai faifai a gefe guda, teburin gugar fuskar katako a ɗaya gefen, a ƙarƙashinsa wurin daidaita kauri, a kuiɓinsa wurin huda ramin haɗi, sannan sandar da ake ɗaura wuƙaƙen zanen gefe. Turawa sun ƙera irinsu da yawa saboda ƙananan shaguna marasa fili, kamar Robland a Beljiyam, Lurem da Kity a Faransa, SCM a Italiya, Felder a Austiriya. Nawa dai an riga an ɓamɓare farantin sunansa, don alminiyam ne, kuma kuɗinsa daban yake a wurin masu awo. Farantin moto kaɗai ya tsira saboda yana can ciki inda hannu ba ya kaiwa: rubutun Italiyanci, 220/380, kilowat 2.2, juyi 2,800 a minti.

Na ce da mai wurin, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Ƙarfe ne. Jibi mota za ta zo ta kwashe."

Kuskurena shi ne na durƙusa ina gwada murza hannun da ke ɗaga tebur yana kallona. Da muka zo ciniki sai ya ce, "Malam, ni kilo nake gani, kai inji kake gani. Tunda ka ga inji, sai ka biya kuɗin ganin." Muka daidaita a kan kuɗin kilo da ɗan ƙari. Sikeli ya nuna ɗari huɗu da 'yan kai. Kafin in biya na ɗora doguwar rular ƙarfe a kan teburan na leƙa ko haske zai ratsa, na ƙwanƙwasa su da sifana na ji suna amsawa da ƙara mai tsawo, alamar ba su tsage ba. Ƙarƙashin injin ne ban leƙa ba, don laka ta cika shi. Wannan zai dawo mini daga baya.

Mu shida muka tura shi a kan guntayen bututu har cikin a-kori-kura. Abin da na yi ta faɗa da shi shi ne kada kowa ya kama teburin guga ya ɗaga, domin kowa hannunsa can yake zuwa, ga shi kamar an yi shi don riƙo, alhali kuwa da zarar ya ɗauki nauyin inji ya bar saiti ke nan.

Maigidana, wanda ya koya mini sana'a, ya zo da yamma da ya ji labari. Ya zagaya injin sau biyu da sandarsa, ya kankare tsatsar da farce, ya duba abin da ke ƙasa. Ya ce, "Wannan jan da kake gani ba komai ba ne. Ka nemi inda aka taɓa shi da guduma." A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Makon farko ban kwance ko noti ɗaya ba. Na haɗa kananzir da man giyar mota, safe da yamma ina bin kowane noti da kowace mahaɗa ina ɗiga musu, ina ɗan ƙwanƙwasawa don man ya shiga. Yaron shagona ya ƙosa, kullum yana tambaya yaushe za a fara. Da aka fara, duk abin da zan cire sai na ɗauki hotonsa da waya tukuna, notinansa kuma su shiga gwangwanin madara da na rubuta wa suna. Gwangwani ashirin da uku na tara. Duk da haka akwai wasu wasa guda biyu, wato zoben da ake sawa a ƙarƙashin noti, da har yau suke cikin aljihun tebur, injin yana aiki ba tare da su ba, ni kuma ina kallonsu da zargi.

Ƙananan kayan da tsatsa ta ci, wato sarƙa da hannaye da ƙarafan da ke danne wuƙaƙe da ƙusoshi, da kanwa na wanke su. Mutane suna dariya idan na faɗa, amma ga yadda abin yake. Ana wanke tsatsa da wutar lantarki idan an sami ruwan da wuta za ta iya ratsawa. Turawa sodar wanki suke zubawa, kanwar da muke sa wa tuwo da wake kuwa gishirin da ke cikinta ɗan uwan wannan sodar ne. Na sami rabin duro na roba, na jiƙa farar kanwa a bokiti ta kwana, na tace da tsumma don yashin da ke cikinta, na zuba. Na jera guntayen rodi huɗu a kewayen duron daga ciki, na haɗa su da waya. Kayan da za a wanke na rataye su a tsakiya da waya daga wata sanda, ba su taɓa rodin ba. Sai cajar batir mai bolt 12: baƙar waya a jikin kayan, jar waya a jikin rodi. Wanda ya juya wayoyin, kayansa ne za su cinye, rodin ya fito tas.

Cajar zamani da na fara sawa ta ƙi tashi, don ita sai ta ji batir take ba da wuta. Na aro tsohuwa mai nauyi a wurin mai cajin batir na bakin titi. Minti biyu da kunnawa ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin sarƙar, kamar ruwan da ke shirin tafasa. Da gari ya waye saman ruwan ya yi wata kumfa mai kauri, ja da baƙi, kamar miyar da ta kwana uku, rodin kuma sun yi gashi-gashi da tsatsar da ta koma kansu. Na ciro sarƙar baƙa ƙirin, na bi ta da burushin waya a cikin ruwa, baƙin ya zube, ƙarfe mai launin toka ya fito. Gaɓoɓin da suka ƙage kamar an yi musu walda suka fara lanƙwasa a hannuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne lokacin da na fara yarda kuɗina bai tafi a banza ba.

Wanda zai gwada, ya yi a waje, domin kumfar nan iska ce mai kama wuta. Kada ya sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi, yana sakin guba a ruwan. Kada ya jefa alminiyam, kanwa tana cin sa. Sifirin da wuƙaƙe ma ban sa ba, don wankan yana iya sa ƙarfe mai tauri ya yi gautsi. Kuma wutar tana wanke gefen da ke kallon rodi ne, saboda haka sai ana juya kayan. Abu na ƙarshe na koye shi da hasara: na wanke wasu ƙarafa na bar su a inuwa na tafi sallar azahar, na dawo na tarar sun yi ja-ja kamar ban taɓa su ba. Daga nan duk abin da ya fito, a goge, a shanya a rana, a shafa mai nan take.

Teburan ba su shiga duro ba, kuma a kansu ne muka yi gardama da yaron. Ya ce mu ari injin gurza ƙarfe na mai walda, cikin awa ɗaya su yi ƙyalli. Gaskiyarsa, za su yi ƙyalli. Sai dai darajar teburin guga ba a ƙyalli take ba, a miƙewarsa take, kuma faifan gurza zai bar kwari da tudu da ido ba ya gani amma katako yana ji. Na ɗauki tsohuwar wuƙar guga ta hannu, na kwantar da ita, na riƙa tura ta a kan teburin da aka jiƙa da kananzir. Tsatsar tana tashi kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Bayan nan samfefa mai lamba 220 da na naɗe a jikin guntun gilashi mai kauri, ina bi daga wannan baki zuwa wancan ba tare da na daɗe a wuri ɗaya ba, sannan mai lamba 400. Kwana huɗu muka yi, yatsunmu suka yi baƙi har cikin farce. Inda ruwa ya daɗe a kwance ya bar ƙananan ramuka kamar zanzana a fuska. Na bar su. Katako a kan tudu yake tafiya, ba ruwansa da ramin da bai kai ƙwayar gero ba, wanda kuwa ya ce sai ya shafe su sai ya cinye teburin. Na narka kakin zuma da ɗan kananzir na shafe, na goge da tsumma. Ban sa baƙin mai ba kamar yadda wasu ke yi, don yana bin katako ya hana fenti kamawa.

Notin da ke riƙe faifan zarto ya kusa sa ni kuka. Kwana biyu ina fama, na sa mai, na gasa shi da wuta, na zura bututu a sifana na hau da ƙarfina, ko gezau. Maigidana ya zo ya same ni ina gumi. Ya sunkuya ya kalli ɗan zaren da ya leƙo a bakin sandar, ya ce, "Kai, tun jiya ɗaure shi kake yi. Zaren hagu ne." An yi shi haka ne don juyin faifan ya riƙa ƙara ɗaure shi maimakon ya kwance. Na juya ta ɗaya hannun, ya ce ƙaƙas, ya saki. Yaron ya juya baya yana dariya, na yi kamar ban gani ba.

Da aka cire faifan aka kankare lakar ƙarƙashi, sai ga abin da tsohon ya ce in nema. Ƙarfen da ke riƙe da sandar zarto, wanda ke ɗaga ta yana sauke ta, ya taɓa tsagewa, ga shatin guduma nan a gefensa, wani ya buga don ya ƙage. Aka kuma liƙe tsagar da waldar ƙofa. Shi kuwa ƙarfen zubi ne, ba ya karɓar irin wannan walda: wurin ya yi tauri kamar gilashi, yana hucewa ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Haka kuwa aka yi, tsaga ta biyu tana nan siririya kamar gashi. Na kai wa masu walda biyu, kowanne ya ce minti goma ne, na ɗauko kayana. Na uku wani dattijo ne da ke gyaran kan injin mota. Ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya gurje tsohuwar waldar, ya gasa ƙarfen gaba ɗaya a kan gawayi, ya ɗinke da sandar nikel kaɗan-kaɗan yana bubbugawa, sannan ya binne shi a cikin toka mai zafi ya ce in dawo gobe. Na ce, "Baba, ba za a samu yau ba?" Ya ce, "Za a samu, in kana son ka dawo jibi da shi biyu." Wannan ɗinkin da bai kai tsawon yatsa ba ya fi duk abin da na kashe a kan tsatsa tsada.

Boris, wato zobban da sanduna ke juyawa a cikinsu, duk na canza, ko wanda ke juyawa. A gefen kowanne akwai lamba, kuma lambobi biyu na ƙarshe, daga 04 zuwa sama, in ka ninka su sau biyar sun ba ka faɗin ramin a milimita: 6205 raminsa 25, 6204 kuma 20. Na nemi masu 2RS a ƙarshe, wato masu murfin roba gefe biyu, saboda ƙurar katako. Na fara sayen masu araha a kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani, na juya ɗaya kusa da kunnena na ji yana ƙaras-ƙaras tun bai ga aiki ba, na mayar. Wurin sawa ban yi amfani da ƙarfi ba. Gangar da ake ɗaura wa wuƙaƙen guga ta kwana a firizar maƙwabcina mai sayar da ƙanƙara, boris ɗin kuma suka sha ranar azahar a kan kwanon rufi. Sanyi ya tsuke sanda, zafi ya buɗe rami, da ɗan bugu kaɗan ta kan bututun da ya zauna a zoben ciki kawai suka shige.

Moton na ɗauka ya mutu. Da aka buɗe, gidajen zanzaro ne cike da shi, laka ta toshe har fankar. Mai gyaran koyil ya share, ya shanya shi kwana biyu, ya gwada da na'urarsa ya ce wayar lafiya lau, ba sai an sake naɗi ba. Matsalar ita ce moton na wuta mai layi uku ne, shagona kuwa layi ɗaya gare shi. Aka ba ni shawarar a juya haɗin wayoyinsa zuwa na 220 a sa masa kafasita. Na bi, don ita ce mai sauƙin kuɗi. Ya tashi, ya yi kuka mai daɗi, amma da na tura masa maɗaci sai ya riƙa nishi yana neman tsayawa, jikinsa ya yi zafin da ba a iya dafawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dole na cire, na sayi inbata irin wadda ke karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, ta hannu, cikin kayan da muke kira Beljiyam. Na yi mata akwati mai raga a bango nesa da ƙura. Karon farko da aka kunna, gangar baya ta juya. Aka musanya waya biyu cikin ukun, ta dawo daidai.

Fenti ban ɓata lokaci a kansa ba. Jan fenti na ƙasa, kore a sama, da burushi. Hunturu ya riga ya shigo, ƙura ta manne a jiki, har yau in ka shafa za ka ji.

A nan na zaci an gama. Injin yana sheƙi, mutane suna tsayawa kallo. Na ɗauko katakon malaina biyu na goge gefensu, na haɗa su na ɗaga sama, sai ga haske yana ratsa tsakiya, har takarda za ta shige. Injin da ba ya fitar da miƙaƙƙen gefe, gara hannunka. Kwana tara na yi a kan wannan, kuma su ne kwanakin da suka fi wuya, don babu abin da za ka nuna wa mutum da yamma ka ce ga aikin yau.

Da farko teburan biyu ba sa kan shimfiɗa ɗaya: wanda katako ke shiga ta kansa ya sunkuya ta ƙarshensa, wataƙila tun ranar da aka jefar da injin daga mota. Na yanka gwangwanin lemo, wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ina cusawa a ƙarƙashin mazaunin teburin, ina ɗaurewa, ina ɗora rula, ina kwancewa. Falle uku a kusurwa ɗaya, ɗaya a wata. Sannan wuƙaƙe uku na gangar, waɗanda dole bakin kowacce ya zo daidai da teburin fita, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba ni da agogon awo, sai dabarar da maigidana ya nuna mini. Ka cire wuta daga bango tukuna. Ka ɗora miƙaƙƙen guntun katako a kan teburin fita, kansa ya leƙo bisa gangar, ka yi masa alama da fensir daidai bakin tebur, ka juya gangar da hannu a hankali. Wuƙar za ta ɗan ɗauki katakon ta ja shi gaba ta ajiye. In ta ja shi milimita biyu zuwa uku, ta zauna. Haka za ka yi a dama da hagu, ga kowace wuƙa, wuri shida ke nan, kuma duk sanda ka ɗaure ƙusoshin sai wuƙar ta ɗan motsa ka koma farko. Na koyi ɗaure su kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe. In ƙarshen katako ya fito da ɗan kwari, teburin fita ya yi ƙasa. In katakon yana hawa yana sirancewa, ya yi sama. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai kaurin takarda biyu ba.

Ban yi wasa da ƙusoshin nan ba, duk sababbi na sa. Fulin moton ya ninka na gangar girma, saboda haka tana juyi wajen 5,600 a minti. Wuƙar da ta kuɓuce a wannan gudun ba ta tambayar sunan kowa. Haka ma 'yan yatsun ƙarfe da ke bakin wurin daidaita kauri, waɗanda aikinsu su cije katako in ya nemi dawowa baya: tsatsa ta haɗe su sun zama abu ɗaya, sai da na raba su na tabbatar kowanne yana faɗuwa da nauyin kansa. Ƙarfen da ke tsayawa a bayan faifan zarto don kada katako ya matse shi ya harbo ba ya nan sam, kamar yadda ba ya nan a yawancin injinan da na sani a kasuwa. Cire shi ake yi wai yana tare hanya. Na sa aka yanka mini sabo. Faifaina jikinsa milimita 2.2 ne, haƙoransa suna yanka 3.2, saboda haka na nemi farantin 2.5, ya fi jikin kauri, bai kai yankan ba, na ɗaura shi tazarar da ba ta wuce milimita takwas daga haƙora ba. Duk wanda ya yi zama a cikin masu inji ya san hannu nawa ya gaisa da su da yatsu ba su cika ba.

Ranar ta tara da la'asar na sake goge malaina biyu na haɗa na ɗaga. Babu haske. Na ɗauko maɗaci mai faɗin tafin hannu biyu na tura, ɓawon yana fita a nannaɗe, ƙamshinsa ya cika shagon. Maigidana ya karɓa, bai duba da ido ba, ya rufe idon ya bi da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, ya miƙo mini ya ce in ba shi ruwa zai yi alwala.

Aikin farko da ya fita daga kansa ƙofofi huɗu ne na wani gida a Hotoro, har da ramukan haɗinsu. Aiki huɗu cikin biyar ke nan suke tafiya. Sandar zanen gefe tana juyawa lafiya, amma kan wuƙaƙen da na tarar a jikinta irin na da ne mai kusurwa huɗu, wanda ke fizgar katako da hannun mai shi, kuma murfinsa ya ɓata. Na cire bel ɗinta na rataye a ƙusa, na rufe ramin da guntun falanki. Yaron ya tambaye ni sau uku yaushe za mu kunna ta, na ce sai ranar da na sami kai mai zagaye da murfi. Zanen gefe har yanzu Na'ibawa nake kaiwa, ina bin layi.